Tsohon gidan katako na 'yan Malay a Perak: a gyara, a sayar ko a rushe?

Dan_Serdang ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin gini da waɗanda suka daɗe a Malesiya ku zo ku fitar da ni, an jefo min tambayar da ta fi ƙarfin kaina.

Ƙaramar sallar da ta wuce wani abokina ɗan Malay da muke karatu tare ya rantse ba zai bar ni a hostal ni kaɗai ba, dole na bi shi garinsu, wannan balik kampung ɗin nasu da kowa ke tattara iyalinsa ya koma ƙauye har Kuala Lumpur (KL) ta zama kamar an share ta. Ƙauyen nasu a jihar Perak yake, bakin kogin Perak, ba nisa da Kuala Kangsar. A gidan kawunsa muka sauka, gidan bulo ne irin na ko'ina ba abin da za ka ɗaga waya ka ɗauka. To washegari bayan an gama ziyarce-ziyarce sai ya ce zo na nuna maka inda aka haifi babata, muka ratsa ta cikin itatuwan durian da rambutan, kawai sai ga wani gida na katako tsaye a kan ƙafafu, ƙafafun sun fi ni tsayi don na shiga ƙarƙashinsa ban sunkuya ba. Rufin dogo ne mai gangara sosai, yanzu kwano ne a kai amma ya ce da can ganye ne. Irinsa suke kira rumah kutai, wai kutai ɗin a bakin mutanen Perak tsoho ke nan.

Wallahi abin da ya fara kama ni sanyin wurin. Ƙarfe biyun rana ne fa, a gidan kawu fanka uku na juyawa muna ta zufa, amma da muka bubbuɗe tagogin wannan, tagogin har ƙasa suke kana zaune iska na dukanka, sai na ji barci kawai nake so. Ba ƙusa ko ɗaya a mahaɗar ginshiƙan, sai da na duba da kaina don ban yarda ba. Saman ƙofofi an yi sassaƙar ganye da furanni an huda ta haske na shigowa ta ciki. Akwai kuma ginshiƙin da suka nuna min wani zane a jikinsa, wai nan ruwa ya tsaya a babbar ambaliyar 1926, ke nan gidan ya girmi wannan shekarar.

Ga inda matsalar take. Tun da kakarsa ta rasu shekara shida ke nan ba mai kwana a ciki. Kicin ɗin baya ya fara zubewa, gara ta cinye matakala biyu, jemagu sun tare a rufi warin kashinsu ba a magana. 'Ya'yan tsohuwar bakwai ne, ɗaya ya rasu bayanta ya bar ƙananan yara, kuma kansu ya rabu uku. Kawun da ke ƙauyen so yake a rushe ya yi wa ɗansa ginin bulo a wurin. Na KL sun samo wani mai wurin shaƙatawa da zai saya ya kwance shi ya kai bakin teku ya mai da shi masaukin baƙi, abokina ya ce kuɗin da ya taya ko sabuwar ƙaramar mota Myvi ba za su saya ba. Babar abokina kuwa kuka kawai take, ita a gyara a bar shi inda iyayenta suka bar shi, amma ba ta da kuɗin gyaran.

Shi ya tambaye ni ne don yana ganin ni bare ne ba ni da ɓangare, ni kuma harkar noma nake karanta me ya haɗa ni da katako. To gidan nan yana da darajar da ta kai a zuba masa kuɗi, ko dai ni ne baƙo ya gani ya ruɗe? In an kwance shi an kai wani wuri, gidan ne har yanzu ko tarin itace ne? Kuma gwamnatinsu ba ta sa hannu a irin wannan?

Zayyana_Skudai ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ba ruɗewa ka yi ba, abin da ka gani a yini ɗaya mu sai da muka yi makonni muna bin irinsa da tef muna aunawa muna zanawa kafin kanmu ya ɗauka. Zanen gine-gine na karanta a jami'ar UTM ta Skudai, kuma akwai cibiya a can mai suna KALAM da ke tara awo da zanen tsofaffin gidajen Malay, wasu gidajen da aka auna yanzu a takarda kawai suka rage.

Sanyin da ka ji lissafi ne. Zafin ƙasar nan mai laima ne, dare da rana kusan ɗaya, to gini mai kauri ba ya taimako, bulo da siminti sha suke yi da rana su amayar maka da daddare. Katako siriri ba ya riƙe zafi. An ɗaga gidan sama ya tari iska, allunan ƙasa an bar 'yar tazara tsakaninsu iska na hawowa ta nan, sassaƙar da ka gani a saman ƙofa ita ma hanyar iska ce ba ado kawai ba, sannan a goshin rufin akwai abin da suke kira tebar layar, nan iska mai zafi da ta taru a sama take fita. Rufin kuma ya zarto bango sosai yadda ko ana tsuga ruwa ba sai ka rufe taga ba. Da ka same shi da rufin ganyensa na asali da ya fi haka sanyi, sai dai ganyen bayan 'yan shekaru sai an sake, shi ya sa kowa ya gudu kwano.

Batun ƙusa, fasahar sunanta tanggam. Ana huda ginshiƙi a zura kan gungume a ciki, a kulle da turken katako da suke kira pasak, a matse da wani ɗan itace mai tsini, baji. In gida ya yi shekaru ya saki jiki sai a bi bajin nan da guduma a ƙara bugawa ya koma daram. Ginshiƙan ba binne su ake ba, a kan dutse ake ɗora kowanne don kar ya taɓa ƙasa ya ruɓe ko gara ta samu hanya. Tsarin ciki kuma: serambi a gaba wato barandar baƙi maza, sai rumah ibu wanda shi ne uwar gidan kuma ƙasansa ya fi na ko'ina tudu, sai ɗan lungu da suke cewa selang, sai dapur wato kicin a baya. Mai ƙaramin ƙarfi rumah ibu kawai yake fara yi, in iyali sun ƙaru ko roba ta yi kuɗi ya ƙara sauran. Abin da ya fi burge ni, awon gidan da gaba da kamu da taƙi ake yi, kuma a al'adance na matar gidan ake ɗauka. Wato gidan da ka shiga an yanka shi ne daidai hannun wata mata da ta rasu tun kafin a haifi babar abokinka.

Yanzu tambayarka ta biyu. Ni a ganina mutane na yi wa gidan Malay kallon gidan dutse, alhali shi tun ranar da aka sassaƙa shi an yi shi ne don a iya kwancewa. Da can in kogi ya ci gaɓa ko mutum ya samu fili a wani wuri, ko a kwance a ɗora a kwalekwale, ko a zura gorori a ƙarƙashi a kira gayya mazan ƙauye su saɓa shi a kafaɗa ɗungurungum, usung rumah suke ce masa. Gidan da ake yawan kai baƙi su gani a KL, Rumah Penghulu Abu Seman, na wani dagaci ne a Kedah, an gina shi kashi-kashi daga 1910 zuwa farkon shekarun 1930, ya zama kango, ƙungiyar Badan Warisan Malaysia ta kwance shi ta kawo KL a 1996 ta sake haɗawa. Haka Rumah Degil na unguwar Chow Kit, na 1926, degil ɗin taurin kai ke nan don ya ƙi gusawa benaye suka kewaye shi, ƙarshe shi ma kwance shi aka yi aka kai harabar gidan zane-zane na ƙasa. Don haka ɗauke shi ba kashe shi ba ne. Amma kar na yi maka ƙarya, akwai abin da ba ya hawa mota: rumah kutai kogi yake kallo don kogin ne titin zamanin, zanen ambaliyar 1926 ɗin nan in ka kai shi bakin teku ya zama ƙarzanen banza, ba wanda zai san me yake nufi.

Kuma ku bincika wane itace ne. In cengal ne, kuma ginshiƙan tsofaffin gidaje masu hali galibi shi ne, to mai sayen nan ya san abin da yake yi. Cengal yana da nauyi, gara na shakkarsa, da shi ake sassaƙa jiragen ruwa a Terengganu, girmansa a hankali yake kuma yanzu samun gungume mai tsayin ginshiƙi sai mai kuɗi. Tunda kuna kusa, ka ce ya kai ka Istana Kenangan a Kuala Kangsar, 1926 aka gina shi shi ma ba ƙusa, bangonsa saƙar gora, har sarkin Perak ya zauna a ciki. Za ka ga yadda irin aikin yake in ana kula da shi.

Na_Gombak ya rubuta:

Ni fa kuyi hakuri zan fadi wadda ba'a so. Duk masu cewa a adana a adana din nan ka duba inda suke kwana, bene hawa na ashirin da AC, ranar sallah suzo su dau hoto a matakala da kayan gargajiyarsu baju melayu su koma. Injiniya ka fadi dadin iska baka fadi bandaki a waje ba, baka fadi tsohuwa mai ciwon gwiwa tana hawa matakala tara sau goma a rana ba, baka fadi wayar wuta data tsufa a cikin busasshen katako ba, tartsatsi daya kafin motar kashe gobara ta iso daga gari an gama. Sauro ma ta ramukan iskar nan taka yake shigowa.

Kawun nan da kowa yake gani kamar shine mugu, shine fa yake zaune a kauyen, shi yake yanke ciyawa shi yake korar macizai da yan shaye shaye in sun maida wurin mafaka, mai daki shi yasan inda yake masa yoyo. Dansa yana son aure yana son wurin zama, ace masa a'a saboda wani zane a jikin ginshiki? Kuma wa zaiyi gyaran, kafintocin da suka iya tanggam din nan yawanci tsofaffi ne, yaran yanzu suna masana'anta a Penang da Shah Alam, wanda ya rage in ka kira shi kudin da zai caje ka ya gina maka daki biyu na bulo.

Tarihi kuma ai an adana. Kaje Mini Malaysia a Ayer Keroh an jera irin gidan kowace jiha, kaje Pasir Salak a Perak din kanta akwai rumah kutai a tsaye, kusa daku ma a Serdang jami'ar UPM ta dauko wasu ta kafa a gidan tarihinta. Dole sai kowane iyali sun zama gidan tarihi da aljihunsu? Shawarata su sayar tun akwai mai taya, kowa ya karbi rabonsa, don in suka tsaya jayayya shekara biyar gara ce zata gaje su kuma ita bata biyan ko sen daya.

Maman_Hanif ta rubuta:

Salam. Malam Na_Gombak ka faɗi gaskiya a wasu wuraren musamman banɗaki, ni mace ce na san wannan. Amma ka tsallake kukan matar nan kamar ba komai ba ne, alhali ita ma mai gado ce kamar kawun.

Mu a Seremban muke, shekararmu tara, maigidana yana koyarwa. Nan jihar Negeri Sembilan abin daban yake, suna bin Adat Perpatih da kakanninsu Minangkabau suka zo da ita daga Sumatra, gida da filin gargajiya ta wajen mata suke gangarowa, uwa ta bar wa 'yarta, miji shi ne yake tarewa a gidan matarsa. Da na fara ji dariya na yi. To za ka ɗauka tunda an san mai gida babu rigima gidajen za su tsira ko? Ka bi hanyar Kuala Pilah ko Rembau ka gani, gidaje masu rufin nan da gefensa ya ɗan lanƙwasa sama, kyawawa, a kulle, kurangar daji ta hau har taga, saboda 'yar da ta gada tana aiki a Putrajaya. Su kuma masu mulki suna da nasu, tsohuwar fadar Seri Menanti da aka gama a 1908 mai ginshiƙi 99 ita ma ba ƙusa, wannan kam ana kula da ita tsaf, na talaka ne yake tafiya.

Maƙwabciyata ce ta sa na gane abin. Nata gidan kakannin yana wajen Kuala Pilah kuma yana nan lafiya lau, ba don suna da kuɗi ba. Abin da suka yi, suka gina banɗaki da kicin na bulo a ƙasa ta baya, babarsu da ta tsufa ta koma kwana nan ƙasa, saman kuma suka bar shi yadda yake. Sannan suka yi wa juna alkawari duk wani taro na dangi a can za a yi, biki, suna, addu'ar mamaci da suke cewa kenduri arwah, kuma kowane wata akwai wanda zai je ya kwana biyu ko da shi kaɗai ne. Na bi ta sau uku. Tana isa abin da take fara yi ta buɗe duka tagogi, ta share, ta leƙa ƙarƙashi ta kankare hanyar gara da tsinken kwakwa in ta gani. Ta ce min gidan katako in ya daina jin takun mutum shi ke nan ya fara mutuwa, kuma na yarda don na ga na maƙwabtansu da aka gina lokaci guda ya durƙusa. Har randar nan ta gindin matakala da ake wanke ƙafa kafin a hau tana nan, yarana sun fi son ta da komai.

Dan_Serdang ƙanena, ka ce wa abokinka ya zauna da babarsa ya tambaye ta a nutse me take so a bari takamaimai. Wataƙila ba duka gidan ba ne, wataƙila ɗakin da aka haife ta ne da inda babarta take zama. Maza in suna taron gado ba sa tambayar wannan, lissafi kawai suke.

Dan_Serdang ya rubuta:

Kai na gode ƙwarai, wallahi na ƙaru. Anti Maman Hanif na tura masa maganarki na fassara masa, ya yi shiru ya ce shi kansa bai taɓa tambayarta ba. Injiniya yadda zan gane cengal fa, ni duk katako baƙi ɗaya ne a idona. Na_Gombak ba ka yi ƙarya ba, kawun mutumin kirki ne shi ya yi ta ɗura mana lemang da rendang, kawai ya gaji ne.

Baba_Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum. 'Ya'yana duk kun yi magana mai kyau amma kun fara gini daga rufi. Kafin a ce a gyara ko a sayar ko a rushe, na wa ne? An raba gadon? In ba a raba ba, kawu ba shi da ikon cire allo ɗaya, na KL ba su da ikon karɓar kuɗin kowa, balle ga marayu a ciki, wanda ya rasu bayan mahaifiyarsa rabonsa ya tabbata kuma na 'ya'yansa ne. Perak ba Negeri Sembilan ba ce, fara'id ake bi, ana karɓo takardar rabon daga kotun shari'a, ƙananan gado kuma akwai ofishin da ke raba shi. Na daɗe a ƙasar nan ina ganin yadda ake barin takardar fili da sunan mamaci har jikoki su yi jikoki, sai a wayi gari mutum arba'in suna da haƙƙi a gida ɗaya wasu ma ba su san juna ba. Yawancin kangon da kuke gani a ƙauyuka abin da ya kashe su ke nan kafin gara ta zo.

Sannan ku lura da abin da Injiniya ya faɗa, a ciki mafita take. Tunda gidan ana iya ɗaga shi, to gida daban fili daban. Shari'a ta yarda magada su yi sulhu, wani ya fita daga wani abu a ba shi wani, malamai suna kiransa takharuj, kuma ofisoshinsu suna karɓar yarjejeniyar magada in kowa ya sa hannu. Sai a yi wa gidan kuɗi a yi wa filin kuɗi, kawu ya ɗauki wajen da yake so ya gina wa ɗansa, mahaifiyar abokinka ta ɗauki gidan a matsayin rabonta da ɗan gefen fili, a matsar da shi taku talatin ko hamsin, yana nan dai a ƙauyensa yana kallon koginsa. Wanda aka bi shi ciko ya biya a hankali. Ku duba kuma ko filin na cikin wanda aka keɓe wa 'yan Malay, dokar tun 1913 take, in haka ne ba a sayar wa wanda ba Malay ba kuma hakan na taɓa farashinsa.

Wani zai ce a yi waƙafi. Yana da kyau amma su sani a Malesiya majalisar addinin Musulunci ta jiha ita ce mai riƙon duk waƙafi, in an bayar ya fita hannunsu.

Abu ɗaya na gefe. In an zo kwancewa za su tarar da ƙyallaye a kan babban ginshiƙin da suke kira tiang seri, fari da ja da baƙi, wataƙila da tsohon kwabo a ƙarƙashi. Al'adar mutanen da ce ta neman tsari. Kar a tsorata kar kuma a ɗauka yana tsare wani abu, Allah ne mai tsarewa, amma kar a zubar, a ajiye, kwabon ma zai iya nuna musu zamanin da aka kafa gidan.

Zayyana_Skudai ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, wannan ita ce maganar. Na manta ban amsa batun gwamnati ba. Akwai dokar kayan tarihi ta ƙasa ta 2005 da hukumarta Jabatan Warisan Negara, ana iya kai sunan gini a yi masa rajista, amma sai gwamnatin jiha ta amince don harkar ƙasa tata ce, kuma kar su ɗauka rajista na nufin za a turo musu kuɗi, abin da ya tabbata shi ne nauyin kula da shi na kan mai shi kuma ba ka taɓa shi sai da izini. Tun da Melaka da George Town suka shiga jerin UNESCO a 2008 hankali ya fi karkata can ga gidajen cikin birni, gidan ƙauye guda ɗaya a bakin kogi ba shi ne a gaban layi ba. Abin da ya fi sauƙi su rubuta wa sashen zanen gine-gine na wata jami'a, malamai kullum suna neman gidan da ɗalibai za su auna, in an auna ko gobe ya faɗi akwai zanensa, kuma kafinta zai samu abin bi.

Na_Gombak na yarda da kai a wayar wuta, a cire ta gaba ɗaya yau ɗin nan. Amma gyara ba dole a yi shi rana ɗaya ba. Yoyo shi ne babban abokin gaba, a toshe kwanon, a sare rassan da ke taɓa rufi, a kwashe duk tarkacen da aka jingina a ƙarƙashi don ta nan gara ke hawa, a tabbatar kowane ginshiƙi yana kan dutsensa ƙasa ba ta rufe gindinsa ba. Kicin ɗin da ya zube a bar shi ya tafi, dama shi ake fara sakewa a kowane gida. Abin da nake roƙo kar a yi shi ne a zagaye ƙarƙashin da bulo a mai da shi ɗaki, kowa haka yake yi kuma daga nan iska ta mutu laima ta kama ginshiƙai. Irin na maƙwabciyar Hajiya, a baya a gefe, shi ne daidai.

Dan_Serdang ba sai ka gane cengal da ido ba, tsohon kafinta a ƙauyen zai faɗa muku. Kai dai ka tafi da sukudireba da tocila, ka ƙwanƙwasa kowane ginshiƙi ka soka a gindi, in ya yi ƙarar ganga ko ƙarfen ya shige to an cinye cikinsa. In za a kwance kuma a sa wa kowane katako lamba a ɗau hoto kafin a zare turke ɗaya.

Na_Gombak ya rubuta:

Toh naji, ta Baba tafi tawa. Amma ina nan akan bakana a abu daya, in an matsar dashi taku hamsin aka sake kulle shi aka koma KL to an dai canza wa jemagu adireshi ne. Wa zai kwana a ciki, wannan nake so a amsa min.

Dan_Serdang ya rubuta:

Jama'a mun je jiya Asabar mun dawo. Ginshiƙi goma sha shida ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya da sukudireba kamar yadda Injiniya ya ce, goma sha uku ƙarfen ko shiga bai yi ba sai da hannuna ya yi ciwo, uku na baya wajen kicin kuwa kamar biredi. Wani tsoho da ya taɓa aikin katako ya zo ya ɗan kankare ɗaya ya shinshina ya ce cengal ne.

Baba abin da ka hango shi ne, takardar filin har yanzu sunan mahaifin kakar ne a kai, ke nan ba mutum bakwai ba ne ma, akwai 'ya'yan 'yan uwan tsohuwar da sai an nemo, wasu a Ipoh wata a Singafo. Kawu da ya ji haka sai da ya zauna. Mai sayen kuma da abokina ya matsa masa da tambaya ashe ba duka gidan yake so ba, ginshiƙan da allunan sassaƙa kawai zai ɗiba.

Babarsa ta ce ita rumah ibu ɗin da tagar da ke kallon kogi take so, kicin da baranda ba ruwanta. Tambayar Na_Gombak na yi musu ita kai tsaye kowa ya kalli ɗan'uwansa, sai ɗan kawun, wanda za a yi wa ginin bulon, ya ce shi in za a sa masa banɗaki da intanet ba ya ƙi, amma sai ya tambayi yarinyar da zai aura. Ba a tsai da komai ba tukuna, an dai cire wayar wuta mun toshe yoyo biyu.

Sati mai zuwa za mu koma kwashe tarkacen ƙarƙashi. Akwai wanda ya san yadda ake korar jemagu ba tare da an kashe su ba? Kuma in akwai mai mota a Serdang ko Kajang da ke son ganin gidan ya yi min magana, mu za mu zuba mai.